François-Xavier Bagnoud, matuƙin da ya tashi daga Yamai bai koma gida ba

Ranar Talata, 14 ga watan Janairu na shekarar 1986, wani ƙaramin jirgin sama irin mai saukar ungulu ya tashi daga Yamai ya nufi ƙasar Mali. Wanda ke riƙe da akalarsa saurayi ne ɗan ƙasar Suwis, mai shekara 24 da haihuwa, sunansa François-Xavier Bagnoud. Kafin a yi sallar lisha a wannan rana, jirgin ya bugi tudun rairayi kusa da garin Gurma Rarus, a bakin kogin Isa, mutum biyar ɗin da ke cikinsa kuwa babu wanda ya tsira.

Kashegari gidajen rediyon duniya suka ɗauki labari. Sunaye biyu ne suka cika kunnen jama'a: Thierry Sabine, madugun tseren motoci na Paris-Dakar, da Daniel Balavoine, mawaƙin da samarin Faransa ke ji da shi a lokacin. Shi matuƙin, sai a ƙarshen labari ake ambatonsa, wani lokaci ma ba a faɗin sunansa, a ce "da direban jirgin" kawai. Haka lamarin yake ko a nan wajenmu: in mota ta faɗi tsakanin Gaya da Dosso, sunan alhajin da ke gidan gaba ake fara tambaya, direba da karen mota sai daga baya. To, yau a wannan shafi, ya mai karatu, direban za mu sa a gaba.

Wani zai ce, mene ne haɗin mutumin Gaya da wannan Bature? Ayarin tseren bai biyo ta garinmu ba a shekarar. Amma ruwan da ya ratsa ta Gurma Rarus shi ne ke gangarowa ta Gao, da Ayoru, da Tilaberi, da Yamai, ya zo ya wuce ƙarƙashin gadarmu ta Malanville kafin ya shiga Nijeriya. Sa'an nan ƙasar Suwis ba baƙuwa ba ce a yankin nan, domin da kuɗinta aka yi aikin kula da dajin giginya na Dallol Mawri a shekarun 1990. Abu na uku kuma, abin da ya jinkirta tafiyar jirgin a ranar har dare ya riske shi, maganar injinan ban ruwa ce, watau irin injinan nan da manoman shinkafa na Tara da masu rake na fadamunmu suka san darajarsu fiye da kowa.

Ɗan masu kuza, ɗan mai jirgi

An haifi François-Xavier a birnin Jeneba ranar 11 ga Satumba, 1961, shi kaɗai ne kuma ɗan uwarsa. Ta wajen uwa, gidan dukiya ya fito. Mahaifiyarsa, Albina du Boisrouvray, jika ce ga Simón Patiño, mutumin ƙasar Boliviya wanda ya tashi ba shi da kome, ya tono kuza a cikin duwatsu har ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya na zamaninsa. Kuzar nan dai ita ce wadda kakanninmu suka riƙa tafiya ci-rani Jos don haƙarta, ita ce kuma ake tona a El Meki cikin Abzin. Kakansa na wajen uwa kuwa ɗan uwa ne ga gidan sarautar Monako. Ita Albina da kanta ta yi aikin jarida, daga baya ta kafa kamfanin shirya sinima, wanda ya fitar da finafinai 22, ciki har da Fort Saganne na 1984, labarin da ya gudana cikin Sahara.

Ta wajen uba kuwa, abin ya sha bamban. Bruno Bagnoud mutumin jihar Valais ne, wani kwari mai tsawo da manyan duwatsun Alpa suka kewaye. Don mai karatu ya gane irin duwatsun da ake nufi, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu, wanda ke cikin Bagzan, mita 2022 ne. Na Valais akwai waɗanda suka haura mita 4500, ƙanƙarar da ke kansu ba ta narkewa rani da damina. Mutane na hawansu don wasa da yawon buɗe ido, makiyaya na kai shanu gindinsu, kuma kowace shekara wani ya zame ya karye, wani ya faɗa rami cikin ƙanƙara, wani dusar ƙanƙara ta goce ta binne shi da rai. Dā can, sai 'yan gari su ɗauki igiya da makara su yi kwana suna hawa, sau da yawa gawa suke saukowa da ita. A shekarar 1965 Bruno Bagnoud ya haɗu da wasu matuƙa biyu, Hermann Geiger da Fernand Martignoni, suka kafa kamfanin Air-Glaciers a garin Sion, domin ceton irin waɗannan mutane ta sama. Shi Geiger, wanda ya yi suna wajen sauke jirgi mai fiffike a kan ƙanƙara, ya rasu a haɗarin jirgi tun 1966, lokacin François-Xavier bai cika shekara biyar ba. Ke nan yaron ya tashi ya san cewa sana'ar gidansu tana cin masu ita.

Yaro mai irin wannan gata, da ya so, da ya zauna a Paris ya ci dukiyar kakanni har tsufa, ba wanda zai ce masa don me. Bai yi haka ba. Yana da shekara 17 ya haye Amurka, ya shiga jami'ar Mishigan, ya karanci ilmin ƙera jiragen sama, ya fito da digirin injiniya a 1982. A can ya kafa reshen ɗalibai na ƙungiyar masana jirgi mai saukar ungulu, kuma ya rubuta littafin koyarwa a kan yadda irin wannan jirgi ke aiki, don amfanin masu koyon tuƙi. Da ya gama sai ya komo Sion ya kama aiki a kamfanin mahaifinsa. Yana da shekara 23 ya sami takardun ƙwarewa na tuƙa jirgi mai fiffike da mai saukar ungulu duka biyu, har da takardar tuƙi da na'urori, abin da ya sa aka lasafta shi mafi ƙuruciya a duk Turai cikin masu irin wannan shaida.

Wannan takarda ta tuƙi da na'urori tana bukatar ɗan bayani, domin za mu sake gamuwa da ita. Matuƙi iri biyu ne. Akwai wanda ke tuƙi da ido: yana ganin ƙasa, yana ganin inda sama ta haɗu da ita, da haka yake sanin ko jirginsa a miƙe yake ko ya karkata. Akwai kuma wanda aka horar ya tuƙa ko da ba ya ganin kome a waje, cikin gajimare ko duhu, yana dogara ga allurai da agogunan da ke gabansa. Dalilin horon shi ne, jikin ɗan Adam yana yaudararsa. In ido ya rasa abin kamawa, sai kunnen ciki, wanda ke gaya wa mutum ko a tsaye yake, ya rikice: matuƙi ya rantse jirgi na tafiya daidai alhali yana gangarawa ƙasa. Sai dai takardar matuƙi ita kaɗai ba ta isa ba, dole shi ma jirgin ya kasance an sa masa kayan da suka dace.

Cikin shekara uku da ya yi yana aiki, an ƙidaya masa tashin ceto kimanin 300. In aka raba, kusan sau biyu ke nan kowane mako. Aikin kuwa ba irin na jirgin fasinja ba ne da ke tashi daga fili ya sauka a fili. Kira ne zai zo, a ce ga wani can a maƙale a jikin dutse. Matuƙi zai ɗauki likita da gwanin hawan dutse, ya kutsa cikin kwazazzabo inda iska ke juyawa ba gargaɗi, ya tsayar da jirgi cak a sama, fukafukan na juyawa 'yan taku kaɗan daga bangon dutse, a zura igiyar ƙarfe a ɗauko mai rauni. A can sama iska ba ta da kauri, saboda haka injin ba ya ba da ƙarfinsa duka, kuskure kaɗan ya isa. Wanda ya yi wannan sau 300 ya dawo gida lafiya, ba a kiransa ɗan koyo, ko da shekarunsa 24.

Madugu da ayarinsa

Shi kuwa Thierry Sabine, Tenere ce ta haife shi karo na biyu. A 1977, yana cikin tseren Abidjan zuwa Nice a kan babur, ya ɓace a hamadar da ke arewa maso gabashin ƙasarmu, wajen iyakar Libiya, sai da jirgin sama ya gano shi bayan ya fid da rai. Maimakon ya yi rantsuwa ba shi ba hamada, sai ya koma Faransa da niyyar kawo wasu su ga abin da ya gani. Ayarinsa na farko ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba, 1978, ya isa Dakar ranar 14 ga Janairu, 1979. Mai karatu ya lura da wannan rana ta 14 ga Janairu.

Daga nan kusan kowace shekara, in hunturu ya kama, sai Agadas ta cika da motoci da babura da manyan kamiyo masu zane-zane. Abin da madugun Abzinawa ke yi da raƙuma cikin makonni, daga Abzin zuwa Fashi da Bilma ɗaukar gishiri, su a yini ɗaya ko biyu suke son yinsa. To amma hamada ba ta san gaggawa ba. A 1982 ɗan firaministar Ingila, Mark Thatcher, ya yi kwana shida a ɓace a kudancin Aljeriya. A 1983 guguwar rairayi ta tashi a Tenere ta watsa 'yan tsere wajen 40, sai da Sabine ya yi kwana huɗu yana shawagi kafin a tattaro su duka. A wancan zamani babu na'urar nan da ke nuna wa mutum inda yake ta tauraron ɗan Adam, babu wayar hannu. Taswira ce da kamfas, sai ido. Saboda haka jirgi mai saukar ungulu shi ne ran ayarin: shi ne idon madugu, shi ne motar asibiti, shi ne mai neman ɓatattu. Matuƙin da aka saba da shi wajen ɗauko mutane daga bakin mutuwa a kan ƙanƙara, shi ya dace da wannan aiki a kan rairayi, kuma ta haka François-Xavier ya zama matuƙin Sabine.

Jirgin da yake tuƙawa ƙirar Faransa ne, na kamfanin Aérospatiale, ana kiransa Écureuil, watau kurege. Injinsa ɗaya, yana ɗaukar mutum biyar ko shida. Jirgi ne mai ƙwari, har ma irinsa ne aka sauke a ƙololuwar Everest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, a shekarar 2005. Amma wanda ke hannun François-Xavier ba a shirya shi don tafiyar dare ba.

Tseren 1986 shi ne na takwas. Ya tashi daga Versailles ranar 1 ga Janairu da abin hawa 486, waɗanda 100 kaɗai suka ga Dakar. Ya ratso Aljeriya ta Tamanraset, ya shigo Agadas, ya yanki Tenere zuwa Dirku, ya gangaro ta Agadem zuwa Damagaram, sa'an nan Yamai. Mu tuna halin da ƙasa ke ciki a lokacin. Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da farin 1984, yunwar da talakawa suka raɗa wa suna El Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. A watan Janairun 1986 iyakar tana nan a rufe, ba a buɗe ta ba sai cikin Maris. Mutanen Gaya da na Kamba sun san abin da wannan ya jawo musu. A cikin irin wannan hali ne motoci na miliyoyin kuɗi ke keta ƙauyukan da rumbunansu ke wayam. Ko a Faransa akwai masu cewa wannan abin kunya ne.

Daniel Balavoine yana cikin waɗanda abin ya dama. Ya shiga tseren a 1983 da 1985, ya ga ƙauyukan Sahel da idonsa. A 1986 bai zo tsere ba, ya zo ne a matsayin jakadan wani shiri da suka ƙulla da Sabine, na amfani da motoci da jiragen ayarin don kai injinan ban ruwa ƙauyuka.

Yinin Talata

Zangon ranar mai tsawo ne, sama da kilomita 800 daga Yamai zuwa Gurma Rarus. Sabine da Balavoine suka tsaya a Gao don ganawa da gwamna, saboda hukumomin Mali sun tsare motocin da ke ɗauke da kayan shirin. Magana ta yi tsawo, kamar yadda maganar takardu kan yi. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin gadar Gaya yana jiran sa hannu ɗaya ya san wannan. Da aka gama kuma, sai aka roƙi Sabine ya buɗe wasan ƙwallo tsakanin Gao da Mopti, wanda aka shirya don girmama ayarin. Bikin ya makara. Baƙo ba ya tashi ya bar mai masauki a tsaye, saboda haka aka jira. Ko da jirgin ya bar Gao, rana ta riga ta yi sanyi.

Suka sauka a Gosi, inda Sabine ya sallami 'yan tsere zuwa kashi na biyu na zangon. Iska ta fara tashi da ƙura. Da suka sake tashi su biyar ne a ciki: François-Xavier, da Sabine mai shekara 36, da Balavoine mai 33, da wata 'yar jarida, Nathalie Odent, mai 25, da ma'aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur. Duhu ya rufe su a hanya, ga hazo. A nan matuƙin ya yi abin da littafi ya ce a yi: ya sauke jirgi a fili, saura kimanin kilomita 20 a kai zango. Sabine ya tsayar da wata motar 'yan tsere, ya ba da saƙo cewa in sun isa a turo mota ta ɗauke su. Har zuwa nan babu kuskure. Da sun zauna a gindin jirgin sun jira, da awa ɗaya ko biyu ta ishe su.

Ba su jira ba. Jim kaɗan jirgin ya sake tashi, ya bi fitilun bayan wata mota, yana tafiya ƙasa-ƙasa da gudu, domin fitilun nan ja su kaɗai ne abin da ido zai kama cikin wannan duhu. Mota tana bin ƙasa yadda ƙasa take, in ta tarar da tudu ta hau ko ta kewaye. Wanda ke binta a sama ba ya ganin tudun. Wajen ƙarfe 7 da minti 20, saura kilomita 8 a isa Gurma Rarus, jirgin ya bugi rairayi ya tarwatse.

Tun daga ranar ake gardama a kan abin da ya tashe su daga inda suka sauka lafiya. Wasu sun ce wani daga cikinsu ne ya ji rauni, ko maciji ko kunama, aka ga ba a iya jira. Wasu sun ce halin madugu ne, wanda bai saba ayarinsa ya kwana ba ya wurin ba. Mutum biyar ɗin da suka san gaskiya sun tafi da ita. Abin da ni mai wannan rubutu na riƙe shi ne saukar farko, domin ita ce shaidar irin matuƙin da yake: ya ga dare, ya ga ƙura, ya san jirginsa, ya ajiye shi a ƙasa. Tashi na biyu kuwa, kowane direba a tashar Gaya zai gane shi ba sai an yi masa fassara ba. Ka tsaya ka ce hanya ba ta biyuwa, ga mai mota a gefenka, ya girme ka, shi ke biyanka, ga fasinja na ƙorafi, ga gari ana hango shi, a ce maka saura ƙiris. Dokar jirgin sama ta ce maganar matuƙi ita ce ta ƙarshe, ko shugaban ƙasa ya ɗauko. Rubuta wannan doka a takarda ya fi sauƙi bisa ga riƙe ta a bakin saurayi mai shekara 24, cikin duhu, a tsakiyar daji. In kuwa da gaske wani ne ya ji rauni, to mutumin da ya yi tashin ceto 300 ba zai iya zama yana kallo ba.

Ayarin bai tsaya ba, ya ci gaba har Dakar ranar 22 ga wata. An ƙone gawar Sabine bisa al'adarsu, aka watsa tokar a gindin wata itaciya tilo cikin Tenere, wadda ake kira da sunansa tun daga lokacin. Abokinsa na Agadas, Mano Dayak, shi ma a jirgin sama ajalinsa ya same shi, cikin duwatsun Abzin, ranar 15 ga Disamba, 1995. François-Xavier kuwa aka mai da shi Valais aka binne.

Ba daidai ba ne a yi wannan tarihi a manta da wasu matattun. Tseren ya kashe 'yan Afirka da ba su shiga ba, ba su kuma gayyace shi ba, yawancinsu yara da mata a bakin hanya, a Mali da Gine da Senegal da wasu wurare. Ba a gina musu kome ba, jaridun Turai ma sau da yawa ba su damu da rubuta sunayensu ba. Daga baya rashin tsaro ya kori tseren: a shekarar 2000 a Yamai aka loda motocin cikin manyan jirage aka tsallake da su zuwa Libiya, a 2008 aka soke shi ɗungum, a 2009 ya koma Amurka ta Kudu, a 2020 kuma Saudiyya.

Abin da uwa ta yi da dukiyarta

Mutuwar ɗa tilo ta kan rushe gida. Albina du Boisrouvray ta bar sana'ar sinima, ta bi ƙungiyar likitocin Médecins du Monde zuwa Lubnan ana tsakiyar yaƙi. A 1989 ta yanke shawarar da ta ba dangi da abokai mamaki: ta sayar da kamfaninta, ta kwashi gwala-gwalai da duwatsu masu daraja da zane-zanen da ta gada, aka yi gwanjonsu a New York. Kashi uku cikin huɗu na abin da ta mallaka ta fitar, kimanin dala miliyan 100. Da wannan kuɗi, tare da mahaifin yaron da abokansa, aka kafa gidauniya da ƙungiya masu ɗauke da haruffan sunansa, FXB. Abokan nan, waɗansu tun na zaman jami'a ne. Ba kowane mamaci ne abokan karatunsa ke tsayawa a kan sunansa shekaru bayan an rufe shi ba.

Rabin aikin ya bi abin da shi yaron ke so. A jami'ar Mishigan an gina babban sashen koyar da ilmin jiragen sama da sunansa a 1993. A Valais an gina ɗakin duban taurari a ƙauyen Saint-Luc a 1995. Sauran rabin kuwa ya bi abin da yake yi, watau ceto. Lokacin cutar sida tana kashe iyaye a Afirka da Asiya tana barin marayu, duniya kuma ba ta waiwaye su ba tukuna. Albina ta sa ƙarfinta a nan. Ta ba jami'ar Harvard dala miliyan 20 aka kafa cibiyar nazarin lafiya da haƙƙin ɗan Adam a 1993, shugabanta na farko shi ne Dokta Jonathan Mann, wanda ya taɓa jagorantar yaƙi da sida a Hukumar Lafiya ta Duniya. Wani abin al'ajabi, shi ma a haɗarin jirgin sama ya rasu, a 1998.

Abin da ya fi dacewa ma'aikatanmu na raya karkara su duba shi ne tsarin da ƙungiyar ta fara a Uganda a 1991, wanda daga baya aka kai Ruwanda, da Burundi, da Indiya, da wasu ƙasashe. A lokacin, abin da ake yayi shi ne ba talaka ƙaramin bashi ya yi sana'a. Albina ta ce wanda ba shi da abincin dare, in ka ba shi bashi, cinyewa zai yi, ka ƙara masa nauyi. Saboda haka sai a zaɓi gidaje 80 zuwa 100 mafiya talauci a wuri ɗaya, a ba kowane gida jari kyauta, ba bashi ba: ko awaki, ko keken ɗinki, ko kayan ƙaramin ciniki. A shekarar farko ƙungiya ce ke ɗaukar nauyin abinci, da magani, da kuɗin makarantar yara gaba ɗaya, don kada a taɓa jarin. A ta biyu gidan ya biya kashi ɗaya cikin huɗu, a ta uku ya biya rabi, ana kuma koya musu ajiya da adashi. Bayan shekara uku ƙungiya ta janye. Duk wanda ya ga yadda bashin tallafi ke ƙarewa a kasuwar hatsi lokacin bazara a ƙauyukanmu zai ga hikimar wannan tsari. Ba ya arha, kuma gidaje kaɗan yake ɗauka a lokaci guda, wannan shi ne aibinsa.

Su ma dangin Balavoine ba su bar maganar injinan ba. Sun kafa ƙungiya da sunansa a 1986, ta ci gaba da kai injinan ban ruwa ga manoman shinkafa na bakin kogi a Mali.

Bruno Bagnoud ya ci gaba da jagorantar Air-Glaciers shekaru da yawa bayan ɗansa, ya rasu a 2022. A cikin kwarin Bagnes, a tsawon da ya haura mita 2600, gefen wata ƙanƙara da ake kira Corbassière, akwai masaukin masu hawan dutse da dusar ƙanƙara ta rushe a 1988. Da kuɗin gidauniyar aka sake gina shi, aka buɗe a 1996 da sunan François-Xavier Bagnoud. Mota ba ta zuwa wurin, sai an yi awoyi ana hawa da ƙafa, kayan abinci kuwa jirgi mai saukar ungulu ne ke kai su.